Melatonin da Firi'ekilamsiya: Sanadin Cuta ne ko Alamar Raunin Mabiyiya?

Tsakure

Takardar nan ta duba alaƙar da ke tsakanin sinadarin melatonin da firi'ekilamsiya, wato hawan jinin da ke kama mai juna biyu bayan mako na 20 har ya taɓa ƙoda, hanta ko ƙwaƙwalwa. Binciken da aka yi a Japan, Italiya, Kanada da Girka ya nuna melatonin yana yin ƙasa a jini da mabiyiyar matan da cutar ta kama. Matsayin takardar shi ne raguwar gaskiya ce, amma yadda aka gudanar da awon bai isa ya nuna ita ta jawo cutar ba. Ta fi kama da sakamakon raunin da mabiyiya ta riga ta yi. An auna nauyin gwajin da aka yi wa mata 20 a Ostireliya, an gwama shi da abin da ya faru da bitamin C da E, sannan an kawo irin binciken da zai iya raba gardama.

Gabatarwa



Cikin kowaɗanne mata 100 masu juna biyu a duniya, 2 zuwa 8 sukan gamu da firi'ekilamsiya. Ana tabbatar da ita ne idan awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, bayan ciki ya wuce mako 20, sannan aka ga furotin a fitsari ko wata alama da ke nuna ƙoda, hanta, ƙwaƙwalwa ko ƙwayoyin daskarar da jini sun taɓu. In ta yi tsanani takan kai ga jijjiga, wato taune-taune, wanda babu ungozomar da ba ta san shi ba. Nazarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2014 ya ɗora kashi 14 cikin 100 na mace-macen mata a dalilin ciki da haihuwa a kan cututtukan hawan jini. A Nijeriya kuwa, binciken da ya bi manyan asibitoci 42, aka buga shi a 2016, ya tarar hawan jini ne kan gaba wajen kisa, har ya sha gaban zubar jini.

Duk da haka, har yau abu ɗaya ne ke kawar da cutar: a haihu, mabiyiya ta fita. Sauran abin da muke bayarwa na sauke jini ne ko na hana jijjiga, domin a sami lokaci. Idan cutar ta zo a mako na 38, abin da sauƙi. Idan ta zo a mako na 28, likita na tsaka mai wuya. Ya bar cikin, uwa na iya rasa ranta. Ya raba su, jariri ya zo bakwaini, huhunsa bai yi ƙwari ba. A irin wannan hali kowane kwana guda da aka ƙara abin nema ne, kuma ta nan melatonin ya shigo zance. Sinadari ne da jiki ke yi da kansa, ga arha, haɗiyarsa ake yi ba sai an yi allura ba, yana kuma ratsa mabiyiya. Abin da nake son mu duba shi ne me hujja ta nuna, kuma a ina ta tsaya.

Mabiyiya ce tushen cutar

A farkon ciki, ƙwayoyin halittar mabiyiya da ake kira tirofobilas sukan kutsa cikin bangon mahaifa su sake fasalin ƙananan jijiyoyi masu lanƙwasa da ke kai wa mabiyiya jini. Sukan rushe tsokar da ke jikinsu, jijiyoyin su buɗe, jini ya riƙa shiga da yawa kuma a hankali. Aikin yakan kammala wajen tsakiyar ciki. A wurin matar da za ta kamu da cutar, musamman irin wadda ke bayyana kafin mako na 34, aikin ba ya ƙarasawa. Jijiyoyin sukan zauna a tsuke, jini na shiga da ƙarfi yana yankewa, mabiyiya ta sami oksijin yanzu, an jima ta rasa.

Wannan samu da rashi shi ke haifar da burbushin oksijin masu ɓarna, waɗanda ke cin kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Mabiyiyar da ta shiga wannan hali takan zubar da abubuwa cikin jinin uwa. Mafi shahara shi ne furotin sFlt-1. A 2003 Maynard da Karumanchi da abokan aikinsu a Boston suka nuna yana yawaita a jinin masu cutar, kuma da aka ƙara shi a jikin ɓeraye masu ciki sai jininsu ya hau, furotin ya fito a fitsarinsu. Aikinsa shi ne kame sinadaran da ke raya shimfiɗar cikin jijiyoyin jini. Shimfiɗar na lalacewa, sai jijiyoyi su tsuke su fara yoyo, daga nan sai hawan jini, kumburi, ciwon kai da dishi-dishin gani.

Abin riƙewa a nan shi ne tazara. Ɓarnar takan fara tun watannin farko, alamun kuwa sai bayan makonni masu yawa. A kan wannan tazara ce gardamar melatonin ta rataya.

Melatonin a jikin mai juna biyu

Aaron Lerner, likitan fata a Jami'ar Yale, shi da abokan aikinsa ne suka fara ware melatonin a 1958 daga fainiyal na shanu, wani ɗan ƙullutu da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Jiki na ƙera shi daga tiriftofan da ke cikin abinci: tiriftofan ya koma serotonin, enzayim ɗin AANAT ya sarrafa serotonin, na ASMT ya ƙarasa. Duhu ne ke ba da damar aikin. Da rana abin da ke cikin jini kaɗan ne, galibi ƙasa da fikogiram 10 a kowace mililita. Da dare sai ya ninka sau da yawa, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 da 4. Haske mai ƙarfi na shiga ido, sai ya faɗi. Hanta ce ke sarrafa shi, ƙoda ta fitar da ragowar a fitsari.

An daɗe ana ɗaukarsa sinadarin barci kawai. A 1993 ɗakin binciken Russel Reiter da ke San Antoniyo a Amurka ya nuna yana dakushe burbushin oksijin kai tsaye. Daga baya aka gano yana kuma zaburar da enzayim ɗin da jiki ke kare kansa da su, kuma da yake yana narkewa a ruwa da kitse, yakan shiga har cikin mitokondiriya, inda yawancin burbushin ke tasowa. Ban da wannan, yana aiki ta makarɓai biyu, MT1 da MT2, waɗanda ake samu a jijiyoyin jini da mahaifa.

Ciki yana sauya yawansa. A 2001 Nakamura da Tamura da abokan aikinsu a Jami'ar Yamaguchi ta Japan suka nuna melatonin na dare yana fara hawa daga mako na 24, ya yi sama sosai bayan mako na 32, sannan ya koma yadda yake kwana biyu bayan haihuwa. Kafin su, a 1998, Okatani ya nuna melatonin ɗin da uwa ta sha yana isa jinin cibiyar jariri cikin ɗan lokaci. Ɗan tayi ba shi da nasa tsarin fitar da melatonin. Na uwa yake bi, kuma sai jariri ya yi wata biyu zuwa uku a duniya kafin nasa ya kankama.

Sai a 2008 Lanoix da Vaillancourt a Kyubek ta Kanada suka zo da abin da ya sauya tambayar baki ɗaya. Sun nuna mabiyiya da kanta tana da enzayim ɗin nan biyu, tana ƙera melatonin, tana kuma ɗauke da makarɓansa. Ke nan gaɓar da cutar ke farawa daga cikinta ita ma masana'antar sinadarin ce.

Abin da aka auna

A wannan binciken na Yamaguchi ne aka fara ganin alaƙar a fili: bayan mako na 32, matan da cutar ta yi wa tsanani melatonin ɗinsu na dare ya gaza na masu lafiya, ya kuma gaza na waɗanda cutar ta yi wa sauƙi.

Daga nan hankali ya koma kan tsarin dare da rana. Jinin mai lafiya yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 idan yana barci. A wurin da yawa daga masu firi'ekilamsiya ba ya sauka, wasu ma da dare ya fi hawa, kuma wannan abin lura ne ga duk mai dogaro da awon safe kaɗai. Tranquilli da abokan aikinsa a Italiya, a 2004, sun ba da rahoton cewa masu cikin da tsarin jininsu ya birkice, tsarin melatonin ɗinsu ma ya ɓace. Bouchlariotou da abokan aiki a Girka sun sami irin wannan a 2014 a wurin masu cutar da jininsu ba ya sauka da dare.

Mafi ƙarfin hujja a ganina ita ce wadda Lanoix da Guérin da Vaillancourt suka buga a 2012, domin su mabiyiyar kanta suka duba. A mabiyiyar masu cutar sun tarar AANAT ya yi ƙasa a yawa da kuma ƙarfin aiki, melatonin ya ragu, makarɓan MT1 da MT2 sun ragu, serotonin kuwa ya taru. Taruwar serotonin ba ƙaramin abu ba ne. Tana nuna inda aikin ya tsaya, wato an tara kayan haɗi amma ba a sarrafa su ba, kuma serotonin sinadari ne da ke tsuke jijiyoyin jini. A 2019 Dou da abokan aiki suka tattara binciken da aka yi suka haɗa alƙalumansu, sakamakon ya tafi a kan hanya ɗaya: melatonin ya fi ƙasa a wurin masu cutar.

Ba ni da ja a kan wannan. Ƙasashe daban-daban, hanyoyin awo daban-daban, amsa ɗaya.

Wanne ya riga wanne?

Inda nake da ja shi ne tsallen da ake yi daga "ya ragu" zuwa "raguwarsa ce ta kawo cutar". Binciken da na ambata mafi yawansu sun auna matan ne bayan cutar ta bayyana, na mabiyiya kuwa sai bayan an haihu. Mun riga mun ce ɓarnar ta fara watanni kafin nan. Idan mabiyiya na cikin masu samar da melatonin, kuma ta yi watanni tana fama da ƙarancin jini, ba abin mamaki ba ne a tarar abin da take samarwa ya ragu. Haka furotin PlGF, wanda ita ke fitarwa, yake raguwa a wannan cuta. Mabiyiyar da aka duba a ranar haihuwa tana ba da labarin ƙarshen al'amari ne, ba farkonsa ba.

Akwai wani abu a binciken Yamaguchi da ba a cika tsayawa a kansa ba. Masu cikin tagwaye melatonin ɗinsu ya fi na masu ɗa guda yawa bayan mako na 28. Amma sanannen abu ne cewa cikin tagwaye ya fi haɗarin firi'ekilamsiya, ninki biyu zuwa uku. Da a ce ƙarancin melatonin shi kaɗai ne ke buɗe wa cutar ƙofa, da masu tagwaye sun fi kowa tsira. Abin da alƙaluman suka fi nunawa shi ne yawan melatonin yana bin girman mabiyiya da lafiyarta.

Sai kuma yadda ake awon. Mu tuna halin da mai firi'ekilamsiya mai tsanani take ciki. An kwantar da ita, fitilar ɗaki na kunne dare farai, malamar jinya na tashinta bayan 'yan sa'o'i don a auna jini, ga ciwon kai, ga fargaba. Wadda ake gwada ta da ita kuwa sau da yawa lafiyarta ƙalau. Haske kaɗai ya isa ya sauke melatonin. Ga kuma magani: sanannen abu ne cewa magungunan hawan jini irin su atenolol da furofaranolol suna rage fitar melatonin da dare, domin ta makarɓan da suke toshewa ne fainiyal ke karɓar umarni, kuma labetalol da ake ba masu ciki yana toshe waɗannan makarɓai. Wanda ya ce zai kauce wa matsalar ta hanyar auna ragowar melatonin a fitsari, shi ma bai fita ba, tunda hanta da ƙoda ne ke samar da abin da yake aunawa, su ne kuma gaɓoɓin da cutar ke taɓawa. Binciken da ya ɗebi jini da rana kuwa yana auna sinadarin ne a lokacin da ya fi ƙaranci.

Adalci ne a faɗi abin da ke ɗaya ɓangaren. A Denmak, Hammer da abokan aiki sun bi ma'aikata masu juna biyu sama da 18,000, yawancinsu na asibiti, suka buga a 2018 cewa waɗanda ke yin aikin dare fiye da uku a jere sun fi kamuwa da hawan jinin ciki da kusan kashi 40 cikin 100, idan aka gwada su da masu aikin daren da ba sa jerawa haka. A nan birkicewar dare da rana ce ta riga cutar. Sai dai aikin dare yana zuwa da rashin barci, tsayuwa da gajiya, kuma ba melatonin aka auna ba. A 2004 Scheer ya nuna miligiram 2.5 na melatonin kowane dare na mako uku ya sauke jinin dare da kimanin maki 6 bisa 4, amma a jikin maza 16 ne. A ɗakin bincike kuma, melatonin yana kare ƙwayoyin tirofobilas daga mutuwa idan aka hana su oksijin aka mayar musu.

Idan na haɗa waɗannan, ga inda na tsaya. Raunin mabiyiya ne ke fara rage melatonin. Amma da yake melatonin na cikin abin da mabiyiya ke kare kanta da shi, raguwarsa na iya ƙara mata rauni, ɓarna ta ci gaba da haifar ɓarna. Idan haka ne, ba shi ya fara cutar ba, amma mayar da shi na iya rage mata gudu. Wannan hasashe ne mai ma'ana, kuma gwaji ne kaɗai zai tabbatar da shi.

Gwajin Melbon da abin da ya sami bitamin

Gwajin da kowa ke kafa hujja da shi shi ne na Hobson da Wallace da abokan aikinsu a Jami'ar Monash da ke Melbon, wanda aka buga a 2018. Sun ba mata 20 da cutar ta kama da wuri miligiram 10 na melatonin mai narkewa a hankali, sau uku a rana. Suka gwada su da mata 48 da aka kula da su a baya ba tare da shi ba. Tsakanin gano cutar da haihuwa, masu shan melatonin sun sami ƙarin kimanin kwana 6, kuma ba a yawan buƙatar ƙara musu maganin hawan jini. Ba a ga illa ga uwa ko ɗan tayi ba.

Kwana 6 ba wasa ba ne ga ɗan tayin mako 28. Ya isa allurar ƙarfafa huhu ta yi aikinta, ya isa a mayar da uwa asibitin da ke da kwalabar renon bakwaini. Na fahimci dalilin da ya sa sakamakon ya faranta wa mutane rai, ni ma ya faranta mini.

Amma gwajin matakin farko ne, kuma masu shi ba su ɓoye haka ba. Ba a raba matan ta hanyar ƙuri'a ba, babu ƙwayar da ba magani a cikinta da aka ba wasu, likitoci kuma sun san wadda ke shan maganin. Ranar da za a raba uwa da ciki hukuncin likita ne, kuma likitan da ke sa rai ga sabon magani, yana duba majiyyaciyarsa a kai a kai, yana iya ƙara haƙurin kwana biyu ba tare da ya lura ba. Sauran ma'aunan tsananin cutar a jini ba su sauya ba. A ɗakin bincike ma ba a daidaita ba: tawagar Monash ta ga melatonin ya gyara shimfiɗar jijiyoyi amma bai rage sFlt-1 daga yankan mabiyiya ba, alhali Hannan da abokan aikinta a Jami'ar Melbon, a shekarar dai, sun ga ya rage sFlt-1 daga ƙwayoyin tirofobilas amma bai ceto shimfiɗar ba. Gari ɗaya, shekara ɗaya, sakamako ya saɓa.

Wannan fage ya taɓa ganin irin wannan fata. A 1999 Chappell da abokan aikinta a Landan suka buga gwajin mata 283 a mujallar Lancet: kashi 8 cikin 100 na waɗanda aka ba bitamin C da E sun kamu da cutar, a ɗaya ɓangaren kashi 17. Dalilin da aka bayar shi ne dai wanda ake bayarwa yau, wato bitamin ɗin suna dakushe burbushin oksijin, kuma an auna an ga sun ragu a jinin masu cutar. Wancan gwajin ma da ƙuri'a aka yi shi, ya fi na Melbon ƙarfi. Da Poston ta maimaita shi da mata sama da 2,400 a 2006, bambancin ya ɓace, kashi 15 da kashi 16, kuma jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi yawa a ɓangaren masu shan bitamin, kashi 28 a kan 24. Gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya a Indiya, Feru, Afirka ta Kudu da Biyetnam a 2009, da na Roberts a Amurka da mata sama da 10,000 a 2010, duk ba su ga amfani ba. Yau Hukumar ba ta ba da shawarar amfani da su don rigakafin cutar. Masu goyon bayan melatonin suna cewa shi daban ne, tunda yana shiga mitokondiriya yana kuma tayar da garkuwar jiki ta kansa. Mai yiwuwa ne. Amma hujjar da ke hannunsu yau ba ta kai wadda masu bitamin suke da ita a 1999 ba.

Abu biyu kuma suna ƙara mini tsoro game da shan sa ba tare da kulawar bincike ba. A 2000 Lusardi da abokan aiki a Italiya sun ba masu hawan jini da ke shan nifedifin miligiram 5 na melatonin, sai jininsu ya ƙara hawa da kimanin maki 6, bugun zuciya ma ya ƙaru. Nifedifin na cikin magungunan da muka fi ba masu ciki. Sannan a 2017 Erland da Saxena a Jami'ar Guelph ta Kanada sun gwada kayan melatonin 31 da ake sayarwa a kanti, suka tarar abin da ke ciki ya kama daga ƙasa da abin da aka rubuta da kashi 83 cikin 100 zuwa sama da shi da kashi 478, kuma 8 daga ciki suna ɗauke da serotonin, sinadarin da ya riga ya yi yawa a mabiyiyar mai cutar. Mu tuna kuma fainiyal ba ya fitar da ko miligiram ɗaya a dare guda, alhali a Melbon miligiram 30 aka bayar, dare da rana, kuma yana isa ga ɗan tayin da ke koyon lokaci daga jinin uwarsa.

Inda abin ya shafe mu

Maganin barci ba ya wuyar samu a kemis, labarin intanet kuma ya fi mujallar likitoci saurin yaɗuwa. Matsayina a asibiti a bayyane yake: kada a ba mai juna biyu melatonin don firi'ekilamsiya sai a cikin gwajin da kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi.

Abin da aka tabbatar yana nan, bai kuma gama isa ga mata ba. Gwajin Magpie na 2002, da mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna allurar maganiziyam salfet tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Da aka shigar da ita asibitoci 10 na jihar Kano daga 2008, aka horar da likitoci da ungozomomi, Tukur da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa mutuwar masu cutar ta sauko daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin 100. Gwajin ASPRE na 2017 ya nuna miligiram 150 na asfirin, daga mako na 11 zuwa 14 har mako na 36, ya rage firi'ekilamsiyar da ke sa haihuwa kafin lokaci daga kashi 4.3 zuwa 1.6 a wurin mata masu haɗari. Da dare aka ce su riƙa sha, bisa binciken da ya nuna ya fi tasiri a kan jini a lokacin kwanciya. Ke nan batun dare da rana ya riga ya shiga kula da wannan cuta, ko ba da melatonin ba.

Ba ina cewa a bar binciken ba ne. Tambayar wanne ya riga wanne tana da amsa, kuma asibitocinmu na koyarwa na iya nemo ta, domin masu cutar suna da yawa a wurinmu. Sai a ɗauki masu cikin fari da suka zo awo kafin mako na 16, a karɓi fitsarin da suka tara daga kwanciya zuwa wayewar gari a gidajensu, ba a gadon asibiti ba, a sake karɓa a mako na 24 da na 32, a daskarar a ajiye. Idan mata 1,000 aka bi, kuma 5 cikin 100 suka kamu, an sami 50. Sai a auna nasu kaɗai da na wasu masu lafiya da suka yi daidai da su a shekaru da makon ciki, kuɗin awo ya ragu ƙwarai. Dole a rubuta aikin ƙodar kowace, magungunan da take sha, lokacin kwanciyarta, ko akwai lantarki a ɗakinta, ko tana duba waya a kan gado, ko tana aikin dare, da ko an karɓi fitsarin a watan azumi lokacin da ake tashi sahur. Wahalar a bayyane take: mata da yawa ba sa fara awo sai ciki ya tsufa, firiza kuma tana son wutar da ba ta yankewa.

Idan aka tarar melatonin ya riga ya yi ƙasa a mako na 16 a wurin waɗanda za su kamu, akwai dalilin gwada shi a matsayin rigakafi ko ma'aunin hasashe. Idan sai a mako na 32 ya faɗi, to alama ce ta mabiyiyar da ta riga ta jikkata, sai a taƙaita tambaya ga ko zai ƙara kwanaki bayan cutar ta bayyana. Gwajin da zai amsa wannan sai an yi shi da ɗaruruwan mata a asibitoci da yawa, da ƙuri'a, likita da majiyyaciya duk ba su san wadda ke shan maganin ba, an rubuta sharuɗɗan raba uwa da ciki tun kafin a fara, an ware masu shan nifedifin a lissafi, sannan a bi yaran aƙalla shekara biyu a duba girmansu, barcinsu da ci gaban ƙwaƙwalwarsu.